Gwangwani ba ya maye gurbin rumbu

Ƴan'uwa manoma, da kaka nakan ga magidanci ya kai hatsinsa kasuwa, ya komo gida da sardin da madara da tumatir na gwangwani, wai guzurin damina ke nan. Ni malamin gona ne, ban yarda da wannan lissafi ba.

Gaskiya ne abincin gwangwani yana kai shekara 2 ko fiye, don an dafa shi bayan an liƙe, iska ba ta shiga. Amma ku auna: gwangwanin sardin giram 125 ne, tiyar hatsi kuwa kilo 2 da rabi. Wanne zai riƙe iyali ranar noma? Hatsin da ka sayar da araha da kaka, shi za ka saya da tsada cikin watan Agusta. Ku tambayi waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005.

A fara cika rumbu. Mata su shanya kauɗa, kuɓewa, kuka da gabu. In kuɗi sun yi saura, sai a sayi gwangwani.

Tun da kun iya karatu yanzu, ku karanta ranar da aka rubuta a jikinsa. Wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, kada a ɗanɗana, gubarsa tana kisa. A ajiye cikin inuwa. In an buɗe, a juye a kwano, a cinye a ranar.

Allah ya ba mu damina mai albarka.