Shago Yana da Ƙofa, Wayarka Fa?

A yankin iyakar Jibia, daga Farfaru har Magama, matasa da yawa ba su da wani shago sai wayar hannu. Mai POS, mai canjin naira da saifa, mai karɓar odar kaya daga Maraɗi ta WhatsApp, kowa kasuwarsa tana aljihunsa, galibi da layi biyu, na Najeriya da na Nijar. Wanda ya zauna a Jibia a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ya san yadda ciniki ke mutuwa idan babu sabis. Don haka ba zan ce maka ka ajiye waya ba. Cewa nake yi ka sa mata lokacin tashi daga aiki.

Na san abin da ke hana mutane barci. An rufe iyakar Jibia daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Wanda ya sha wannan wuya sau biyu yana ganin duk saƙon da bai amsa ba abinci ne ya kuɓuce. Sai waya ta kwana ƙarƙashin matashi, ana amsa kwastoma ƙarfe ɗaya na dare, a tashi sallar asuba ido jajur, a koma bakin tebur.

To amma aikin kuɗi ba ya son mai gyangyaɗi. Ɗauki mai POS da ke samun naira 200 a kan ciniki guda. Zai tura dubu 20, yatsa ya ƙara sifili ɗaya, dubu 200 ta tafi. Idan mai asusun ya ƙi maidowa, sai ya yi ciniki 900 kafin ya cike gurbin dubu 180. Haka alat na bogi: ɗan damfara yana jiran lokacin da ka gaji ne, har kake ƙyuyar buɗe manhaja ka ga ko kuɗi sun shigo da gaske, ka yarda da hoton rasit. Wace ribar dare ce za ta biya wannan?

Jiki ma yana riƙe da nasa lissafin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da aikin awa 35 zuwa 40. Wanda ke kan waya daga bakwai na safe zuwa sha ɗaya na dare, kwana bakwai, ya yi awa 112.

Za ka ce kwastoma zai koma wurin wani. Duba saƙonnin da ke shigowa bayan goma na dare, ka ƙirga nawa ne a ciki ba "nawa saifa take yau?" ba. Farashin ma zai iya canjawa kafin gari ya waye. Mutumin Maraɗi da ke turo maka miliyoyi ba don kana raba dare yake yi ba, don bai taɓa ganin kuɗinsa sun yi ciwon kai a hannunka ba ne. Kuma a faɗi gaskiya, ba duk daren ke tafiya a aiki ba. Buɗe Digital Wellbeing a saitin Tecno ko Infinix ɗinka ka ga awa nawa TikTok ya ci.

A Faransa tun 2017 doka ta ba ma'aikaci haƙƙin kashe saƙonnin ofis bayan tashi. A nan yawancinku ku ne oga ku ne yaro, dokar sai dai ku kafa wa kanku. Masu yaran shago kuma, Alhaji, yaron da ka kira sha biyun dare shi ne zai riƙe maka na'ura da safe.

WhatsApp Business yana ba ka damar rubuta lokutan aiki, ka kuma saita saƙon da zai amsa da kansa idan ka tashi: "Mun rufe, sai bakwai na safe in Allah ya kai mu." Gaggawa ta gaske, kamar direban da mota ta lalace masa da kaya a hanya, tana da mafita. Ka kunna Do Not Disturb, ka ware lambobi huɗu ko biyar da kiransu zai shigo, ko ku raba kwana da abokin sana'a, yau kai gobe shi. Caja kuma ka mayar da ita nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kai hannu.