Hanyar da Babu Mota: Darasi daga Bakin Tabkin Kivu

Da yawa daga cikinmu a kan keken haya muka koyi hawa. Yaro zai zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda bai kai sirdi ba, ya faɗi, ya kakkaɓe ƙura, ya sake hawa, iyayensa kuma hankalinsu kwance, domin sun san iyakar abin da zai same shi ƙujewar gwiwa ce. A yau uba yana iya saya wa ɗansa keke, amma hanyar da yaron zai hau shi cikin aminci ta gagare shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan matafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Wannan tsoro bai tsaya a kanmu ba. Yana cikin dalilan da suka sa masu keke a Amurka da Turai suka fara barin kwalta suna komawa hanyoyin burji da na tsakuwa, waɗanda suka ratsa gonaki da tuddai da bakin tabkuna. A shekarar 2006 mutum 34 ne kawai suka hallara a garin Emporia na jihar Kansas domin tseren kilomita kusan 320 a kan tsakuwa. Daga baya mahalarta suka kai dubbai, har a shekarar 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta keken tsakuwa a ƙasar Italiya.

Keken kansa ba wani abin al'ajabi ba ne. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na keken tsere, sai dai faɗin tayarsa yakan kai milimita 38 zuwa 50, alhali ta keken tsere ba ta cika wuce 30 ba. Ba a cika mata iska tam, domin taya mai laushi ita ke kama ƙasa, ta kuma shanye girgizar duwatsu. Galibi ba a sa mata robar ciki. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa, wanda ke toshe hudar ƙaya nan take ba tare da an nemi mai faci ba. Ga birki mai kamawa ko cikin taɓo, ga giya mai sauƙi ta hawan tudu.

Domin a ga yadda abin yake a zahiri, bari mu duba misali guda a nahiyarmu. A yammacin Ruwanda akwai tabkin Kivu, wanda ke kan iyakarta da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a tsayin kusan mita 1,460 daga doron teku. A shekarar 2011 hukumomin ƙasar suka buɗe wata hanyar matafiya mai tsawon kilomita 227 da ke bin gaɓar tabkin, daga Rubavu a arewa, ta bi ta Karongi, ta dire a Rusizi a kudu. Mai tafiya a ƙasa yakan yi kwana goma, mai keke kwana biyar. An raɗa mata sunan Kwango da Nilu ne saboda jerin tsaunukan da take bi ta gindinsu: ruwan saman da ya sauka a yammacinsu yana gangarawa Kivu, daga nan ya bi kogin Ruzizi zuwa tabkin Tanganyika da kogin Kwango, wanda kuwa ya sauka a gabashinsu yana neman tabkin Biktoriya da kogin Nilu.

Ba a banza ake kiran Ruwanda ƙasar tuddai dubu ba. Mai keke ba ya samun shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: in ya gama hawa sai gangara, in ya gama gangara sai wani hawan, a tsakanin gonakin ayaba da na kofi da na ganyen shayi, tabki yana ɓacewa yana sake bayyana a kowace kwana. Da almuru masunta kan fita cikin kwale-kwale uku-uku da aka haɗa da dogayen sanduna, suna waƙa domin daidaita bugun filafili, su kunna fitilu su jawo wani ɗan ƙaramin kifi da suke kira sambaza. Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne rani, daga Yuni zuwa Satumba, domin damina mai ƙarfi ta Maris zuwa Mayu tana mayar da jar ƙasar sulɓi. Ya kuma wajaba mai niyya ya bincika halin tsaro, ganin cewa biranen Goma da Bukavu da ke tsallaken iyaka, daura da bakunan hanyar biyu, sun faɗa hannun ƴan tawayen M23 a farkon shekarar 2025.

To amma me ya sa mota ta yi ƙaranci a wannan hanya? Ba doka ce ta hana ta ba, wuyar hanyar ce. A nan ne ya kamata mu yi adalci. Abin da baƙo ke kira shiru da kwanciyar hankali, shi ne mutumin ƙauye ke kira nisan asibiti. Manomin kofi dole ne ya kai ƴaƴan da ya tsinka wurin wanki cikin ƴan sa'o'i, in ba haka ba darajarsu ta faɗi. Shi ya sa wani Ba'amurke maƙerin kekuna, Tom Ritchey, bayan ziyarar da ya kai ƙasar a shekarar 2005, ya tsara wa manoman keke mai dogon mazaunin kaya. Mace mai naƙuda da ake ɗauka bisa makara ana hawan tudu da ita ba ta da lokacin kallon tabki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar mutane cikin wahala domin masu yawon buɗe ido su ji daɗi.

Kwalta kuwa ta zo. A shekarun da suka biyo bayan buɗe hanyar, an shimfiɗa ta a babban titin da ke haɗa Rubavu da Karongi da Rusizi, kuma sakamakon ya rabu biyu. A arewa titin ya bi ta kan tuddai nesa da gaɓa, sai ya janye manyan motoci, ya bar wa manoma da ƴan makaranta da masu keke tsofaffin hanyoyin bakin ruwa. A kudu kuwa, a wurare da dama, titin da hanyar matafiya sun zama abu guda, mai keke ya koma raba hanya da motocin haya da na kaya. Ashe laifin ba na kwalta ba ne. Abin tambaya shi ne: sa'ad da ake zana titi, an tuna da wanda ba shi da inji?

Faransawa sun bi ta wata fuskar. A shekarar 1997 aka mayar da wani tsohon layin dogo tsakanin Givry da Cluny, a yankin Burgonya, hanyar keke da ta masu tafiya a ƙasa, sa'an nan a shekarar 2004 dokar hanya ta ƙasar ta amince da abin da suke kira voie verte, wato koriyar hanya, wadda aka keɓe wa marasa inji. Shi ma birnin Kigali tun shekarar 2016 yake rufe wasu manyan titunansa ga motoci a safiyar wasu ranakun Lahadi, abin da ba ya cin siminti ko buhu ɗaya. Hanyar da babu mota saboda lalacewarta aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wadda aka keɓe da gangan, aka rubuta, ita ce za mu iya bar wa ƴaƴanmu.

Hanyoyin burji da na gona da waɗancan mutane ke biyan kuɗin jirgi domin su hau, muna da irinsu a bayan garuruwanmu, kuma ɗaya bayan ɗaya za a zuba musu kwalta, abin da dukanmu muke fata. Saboda haka lokacin magana shi ne kafin injin ya iso. Idan aka kira taron unguwa a kan sabon titi, iyaye su halarta, su tambayi magajin gari ina yaro mai keke zai bi zuwa makaranta, ina tsohuwa mai tallan nono za ta tsallaka, wace hanya ce kuma za a bar wa marasa inji. Kafin nan, uba ya nemi safiyar hutu guda, ya duba birki da iskar taya, ya ɗauki famfo da gorar ruwa, ya fita da yaransa ta hanyar gona inda mota ba ta cika bi ba, yana gaba suna biye. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.