Makarantar Kwana da Haƙƙin 'Ya'yan Gobir

Idan mutum ya ɗauki sunayen waɗanda suka riƙe ragamar Arewa sa'ad da Turawa ke haramar komawa gida, ya bi sawun kowannensu har zuwa ƙuruciyarsa, lalle zai tarar galibin sawayen nan sun haɗu a ƙofa guda, wato Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga bisani ta ɗauki sunan Barewa. Nan Ahmadu Bello ya zo daga ƙasar Sakkwato, tafiyar kwanaki a ƙasa, ya zauna daga 1926 zuwa 1931. Nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, Aminu Kano da Shehu Shagari kuwa suka riske ta a Kaduna. Abin da ya gina mutanen nan bai tsaya ga darasin aji ba, domin yaron da ya bar gaban uwa tasa da akwatinsa da 'yar jakar ƙuli-ƙuli, ƙararrawa ta tashe shi da asuba, ya wanke tufarsa da hannunsa, ya ci a akushi ɗaya da ɗan sarki da ɗan talaka, ya sami wata tarbiyya wadda malamanmu na farko suka kira suhuba, suka kuma fifita ta bisa yawan haddace littattafai.

Irin wannan tarbiyya ba baƙon abu ba ce a ƙasar Gobir. A Degel ɗalibai suka yi hijira daga garuruwansu suka tare a gaban Shehu Usmanu, suna ɗaukar fiƙihu da tauhidi da rana, suna ɗaukar ladabi da dare da rana, shi kuma Shehu kansa sai da ya yi rihla zuwa Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Akwai wata al'umma can nesa da mu wadda labarinta ya cancanci mu yi masa tadabburi, ko da yake addininmu da nasu daban. Mutanen Ailan, waɗanda mafi yawansu 'yan Katolika ne, sun daɗe a ƙarƙashin mulkin Ingila, da dokokin da suka ƙuntata musu buɗe makarantun addininsu, har ya zama mai hali sai ya tura ɗansa Faransa ko Sifen, kamar yadda aka tura Daniel O'Connell, wanda daga baya ya jagoranci neman 'yancin 'yan Katolika. Da aka sami sassauci, sai limaman ɗariƙar Jesuit, waɗanda tun kafuwarsu a 1540 suka shahara da karantarwa, suka buɗe makarantar kwana ta Clongowes Wood a gundumar Kildare a 1814, O'Connell kuma ya kai 'ya'yansa can maimakon ƙetare. Daga cikinta Thomas Francis Meagher ya fito, wanda ya fara ɗaga tutar ƙasar mai launi uku a 1848. Haka John Redmond, jagoran wakilan Ailan a majalisar Landan. Haka John Bruton, firayim ministan 1994 zuwa 1997. Hikimar da na gani a nan ita ce mutanen da ke cikin ƙunci sun fahimci cewa muddin ilimin 'ya'yansu yana wata ƙasa, to shugabancinsu ma aro ne, saboda haka suka dawo da makarantar cikin ƙasarsu. Amma tana da aibi wanda bai kamata a ɓoye ba, domin makarantar masu kuɗi ce, har marubucin nan James Joyce, wanda aka kai shi yana ɗan shekara 6 a 1888, sai da aka cire shi a 1891 da mahaifinsa ya kasa biya.

To, ga halin da muke ciki. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan da ake tsoro, ciki har da na Isa da na Sabon Birni, aka karkata ɗalibai zuwa wasu wurare. Ban ga laifin wannan hukunci a lokacinsa ba, musamman da aka sace ɗalibai a Jangebe bayan wata biyu, kuma a shari'a kiyaye rai yana gaba da sauran maslahohi. Sai dai larura ana ƙaddara ta gwargwadonta ne, ba a mayar da ita al'ada. Attajirin Sabon Birni bai rasa komai ba, ɗansa yana Sakkwato ko Kaduna ko Abuja; wanda ya yi hasara shi ne manomin albasa a fadamar Bunsuru da na ƙauyukan Gatawa da Bafarawa, wanda ƙauyensu ba sakandare, ba shi da kuɗin mota, kuma zuciyarsa ba ta natsu ya sa 'yarsa a hanyar da ake tare mutane da rana tsaka ba. Yarinyar nan aure za a yi mata, ɗansa kuwa ya tafi cirani, ko, Allah ya kiyaye, ya faɗa hannun waɗanda suka kore shi daga aji.

Saboda haka ina roƙon gwamnatin jiha, da 'yan majalisarmu, da sarakunan Gobir na Isa da Sabon Birni, da duk ɗan yankin nan da ya ci gajiyar makarantar kwana ya zama wani abu, su haɗa kai a tsayar da aƙalla makarantun kwana biyu a cikin garuruwan nan, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, a kewaye su da katanga, a girke jami'an tsaro na dindindin a ƙofarsu, a ciyar da yara kyauta, kuma a fara ɗaukar marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira kafin kowa.