Filin Motoci: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar motocin tokumbo ta Berger a Apapa ya san yadda idon saurayi kan tsallake motoci hamsin, ya je ya sauka a kan guda ɗaya mai jan zare a hanci da haruffa uku, watau GTI. Dillali kuwa ba ya rasa abin faɗi. Zai ce ai Golf ce, irin wadda ke jigila a kowace tasha, kayan gyaranta ko a ƙauye akwai. A nan ne mai saye kan fara faɗawa rami.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara sayar da Golf GTI a 1976, da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110. Wadda aka fitar a 2004, a jikin Golf 5, injinta lita 2 ne, amma ƙarfin dokinta 200, tana kuma iya wuce kilomita 230 a sa'a. Ƙarin ƙarfin nan ya samo asali ne daga tarbo, wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti, don ta cusa iska cikin inji. Inda aka matsa iska da mai haka, zafi kan yi yawa, kuma ƙaramin sakaci kan zama babbar hasara.

Saboda haka bincike kafin biya shi ne rabin gyara. A je wurin mota da sassafe, tun ba a tayar da ita ba, gama inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara. Shuɗin hayaƙi alama ce ta tarbo ko ringi suna shan baƙin mai. Farin kumfa a murfin baƙin mai kuwa yana iya nufin ruwa ya haɗu da mai. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, domin gishirin da ake watsawa a titunan Turai da Amurka lokacin ƙanƙara yakan ci ƙarfe. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi laka ko tsatsa, don motocin da ambaliya ta cinye su ma ana gwanjonsu a ketaro da su. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta dace da ta takardun kwastan. Kana a biya mai na'urar kwamfuta ya karanta laifuffukan da motar ta adana. Wanda ya ƙi biyan wannan ɗan kuɗi ya yi cinikin biri a sama.

Bayan an biya, sai a ɗauka cewa mai ita na farko bai canza kome ba. Abu na farko shi ne taimin bel, tare da famfon ruwa. A wannan inji, in bel ɗin ya tsinke ana tafiya, fistin kan doki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji gaba ɗaya. Na biyu shi ne wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba da ke ƙarƙashin famfon mai, wanda sandar kam ke bugawa. Kuɗinsa kaɗan ne, amma in ya huje yakan tafi da famfon da sandar baki ɗaya. Na uku, in giyarta mai sarrafa kanta ce, irin wadda ake kira DSG, manta na musamman ne, kuma ana canza shi da matacinsa duk bayan kilomita 60,000.

Babbar barazana ga irin wannan mota ita ce dabarun da aka gada daga zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Waccan mota mai haƙuri ce. Bakanike kan cire mata tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya, ya zuba baƙin mai mai kauri, ta kuma ci gaba da tafiya. GTI ba ta yafe wannan. An tsara injinta ya yi aiki a wajen digiri 90, in an cire tamostat sai kwamfuta ta ɗauka bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa fetur. Ruwan rijiya kan bar ƙasa da tsatsa a hanyoyin ruwa. Mai mai kauri kuwa ba ya isa tarbo da wuri da safe. Abin da take so shi ne mai marar kauri irin 5W-40 wanda kamfanin ya amince da shi, da ruwan lagireto na musamman. Bayan doguwar tafiya kuma a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don tarbo ya huce.

Kayan gyara ana samunsu a Ladipo ta Legas, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Fanteka ta Kaduna, amma a tafi da lambar kayan a rubuce, gama na Golf gama-gari da na GTI sukan yi kama a ido su saɓa a aiki. Taya da birki kuwa ba wurin neman araha ba ne. Motar da ke gudun 200 a kan tsohuwar tayar tokumbo ta sa ran direba da na masu tsallaka titi a caca.

Kuɗin da aka miƙa wa dillali sadaki ne kurum, ciyarwa tana gaba. Wanda duk abin da ya tara zai ƙare a ranar saye, ya fi masa alheri ya ɗauki Golf marar jan zare, ya kai iyalinsa gida lafiya.