Na'urar VR ta ƙi cika caji? A dakata kafin a kai ta wajen mai gyara

Duk wanda ya zuba dubban ɗaruruwan naira ya sayi na'urar VR, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a fuska ya jefa mutum cikin wata duniya ta kwamfuta kamar yana tsakiyarta, ba abin da ke ɗaga masa hankali kamar ya jona ta a wuta tun bayan Azahar, ya dawo da Magariba ya tarar ta maƙale a kashi 78 ko 85 cikin ɗari. Abu na farko da ke zo masa a rai shi ne batir ya mutu, na biyu kuma ya kai wa mai gyaran waya ya buɗe. A ra'ayina wannan gaggawar ta fi matsalar cajin hatsari, musamman ga mazauna garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, inda zafi da ƙura da rashin tsayayyiyar wuta kan haɗu a lokaci guda. Mafi yawan lokuta laifin yana tsakanin bango da bakin na'urar ne, batirin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Mu fara da yadda batirin ke aiki. Irin batirin da ke cikin Meta Quest shi ne na sinadarin litiyom, wanda ke cikin wayoyinmu, kuma kamfanin Sony ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991. Ba ya shan wuta bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Yana zuƙa da sauri har ya kai wajen kashi 70 zuwa 80, daga nan sai na'ura ta riƙa rage masa wutar a hankali, kamar mai cika tulu da ke sassauta zubi idan ruwa ya kusa baki. Saboda haka jinkiri a ƙarshen caji ba ciwo ba ne, haka aka tsara shi. Kamfanoni ma da gangan suke hana shi cika: Apple ya saka tsarin dakatar da caji a kashi 80 a wayoyin iPhone tun 2019, Samsung ma yana da irin nasa, domin zaman batir a cike na tsawon lokaci yana rage masa kwana.

Sai batun zafi, wanda shi ne babban abin da ya shafe mu. Ƙa'idar batirin litiyom ita ce kada a yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45 a ma'aunin Salshiyos. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa. To ina ga cikin shago mai rufin kwano a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal? Ga shi caji da kansa yana ɗumama batir, ga na'urar rufaffiya ce an naɗe ta da roba da soso. Da zarar ma'aunin da ke cikinta ya ji zafi ya kusa iyaka, sai ta rage caji ko ta tsayar da shi baki ɗaya. Mai ita yana ganin ta lalace, alhali kare kanta take yi, kuma tana kare fuskar da za a ɗaura ta a kai. Gwajin ba shi da wuya: a kashe ta, a bar ta ta huce a ɗaki mai sanyi, ɗakin ƙasa ma ya fi na kwano, sannan a jona ta da dare ko da asuba. Idan ta cika a lokacin, an gano ɓarawon.

Na biyu shi ne caja. Quest 2 da ta fito a watan Oktoban 2020 ta zo da kan caja mai ƙarfin wat 10, tana cika cikin kimanin awa biyu da rabi. Quest 3 ta Oktoban 2023 kuwa wat 18 ne nata. Yawancin waɗanda ke shigowa hannunmu na hannu ne, an riga an raba su da cajarsu ta asali, sai mai saye ya ɗauki duk wadda ya gani ta shiga ramin. Shiga rami daban, isar da wuta daban. Tsohon kan caja na waya wat 5 yake bayarwa, tsohon ramin USB na kwamfuta kuma wat biyu da rabi kacal. Ita ko Quest 3 idan tana aiki tana cin kusan wat 9, tunda batirinta mai ɗaukar kimanin wat 19 na awa guda yana ƙarewa cikin awa biyu da 'yan mintuna. Ka ga ke nan wanda ya jona ta a ƙaramin kan caja kuma yara na wasa da ita, guga yake zuba wa rijiyar da ake ja da famfo. Igiyar cajin ma haka: mai araha, siririya, doguwa, tana zubar da wuta a hanya. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma bambanci tsakanin kashe na'ura da barinta ta yi barci. Tsakanin gilasanta biyu akwai ɗan ma'aunin da ke gane an kusanto da fuska. Idan maɗaurin kai ko wani tsumma ya faɗa a kansa, sai ta ɗauka an saka ta, ta farka ta ci gaba da cin wuta tana ɗumi a kan tebur. A danne maɓallin kunnawa har ta mutu gaba ɗaya kafin a jona. A Quest 2 ƙaramar fitilar gefe tana nuna ruwan lemo idan tana caji, kore idan ta cika. Idan fitilar na ɗaukewa tana dawowa da an taɓa igiya, a leƙa ramin caji da tocila. Ƙurar hunturu kan dunƙule a ciki ta hana kan igiyar zama daidai. Tsinken sakace na itace ya isa a fitar da ita a hankali, na'urar na kashe. Ban da allura, ban da duk wani ƙarfe.

Wutar da ake jona cajar a kanta ita ma abin dubawa ce. Kan caja na kirki yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, amma idan ta yi ƙasa da haka, ko ƙaramin janareta na tari yana hawa da sauka, sai cajin ya riƙa yankewa yana farawa. A shagon masu cajin waya kuma, inda soket ɗaya ke ɗauke da caja ashirin, ba wanda zai lura da cewa taka ta saki. Dabarar da na fi yarda da ita ga mai sola ko mai dogaro da shagon caji ita ce ya nemi fawa-bank mai ramin USB-C da ke iya ba da wat 18 ko fiye. A cika shi da rana lokacin da sola ke da ƙarfi, a shayar da na'urar daga gare shi da dare lokacin da gari ya yi sanyi. Ita kanta kada a kai ta rana ko kusa da taga, domin gilasanta na tattara hasken rana su ƙona allon ciki, kuma wannan ƙunar ba ta gyaruwa.

Wani zai ce ai akwai batirin da ya mutu da gaske. Haka ne. Batirin litiyom yana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa bayan an cika shi an ƙarar sau ɗari uku zuwa ɗari biyar, zafi kuma yana gaggauta hakan. Quest 2 da aka yi amfani da ita tun 2021 ta sha jiki. Amma alamun mutuwar batir daban suke: ta nuna kashi 40 sai ta mutu farat ɗaya, ko ta ƙare cikin rabin awa bayan ta cika, ko ta yi zafi alhali tana kashe, ko jikinta ya kumbura ya fara buɗewa. Idan lissafin kashi ne kawai ya rikice, a bar ta ta ƙare, sannan a yi mata caji a kashe ba yankewa, sau ɗaya ya wadatar. In kuwa kumburi ne ko wari, a daina saka ta nan take. Ba a manta da Galaxy Note 7 da Samsung ya janye daga kasuwa a 2016 saboda kamawa da wuta ba, ita a aljihu ake saka ta, wannan kuwa a kan ido.

Dalilin da ya sa nake cewa a jinkirta zuwa wajen mai gyara ba raini ba ne ga masu sana'ar. Da yawansu gwanaye ne a kan waya. Sai dai batirin Quest yana can ƙurya, sai an kwance sukurori masu yawa da siraran wayoyin kyamarori kafin a kai gare shi, kuma da waɗannan kyamarorin take gane motsin kai da hannu. Ɗaya ta goce, na'ura ta tashi aiki. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Meta ke sayar da ita kai tsaye, don haka ba wani ofishi a Sakkwato ko Kano da za a mayar wa. Dabarar nan ta ɗana wa batir wuta kai tsaye don a "tashe shi", wadda ake yi wa tsofaffin wayoyi, a nan tsallake duk wani kariya ne da aka gina a ciki. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Matashin da ya sayi na'urar don ya riƙa ba da haya ana biyansa zai ce kowane kashi kuɗi ne a wurinsa. To a yi lissafi. Kashi 20 na batirin da ke awa biyu da rabi minti talatin ne. Fawa-bank ɗaya a aljihun mai wasa zai ba shi fiye da haka ninki da yawa, kuɗinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar na'ura ba. Na'urar da ke tsayawa a 85 ta yi shekara uku tana kawo kuɗi ta fi wadda aka matsa wa sai ta cika ta mutu a bazara ɗaya.

Masu sayarwa su ma akwai nasu. Wanda zai sayo daga cikin garin Sakkwato ko kasuwar Farm Centre ta Kano ya saka kuɗin caja ta kirki da fawa-bank cikin lissafinsa tun farko, ya kuma nemi a kunna masa na'urar ya yi minti ashirin da ita a shagon yana duba yadda kashi ke sauka. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda da wannan gwajin ya riga ya ba da amsa. Idan kuma za a ajiye ta na makonni, a bar ta da kusan rabin caji, a kashe, a cikin jaka, a wuri mafi sanyi a gidan.