Mi Ka Yi Yau a Lakwal?

A garuruwa da yawa, in ka bi ta bayan lakwal da hantsi za ka ji muryoyin yara suna tashi gaba ɗaya. Mushe ya faɗi, su maimaita. Ya sake faɗi, su sake maimaitawa. Uba mai wucewa zuwa gona sai ransa ya yi fari, ya ce: «Madalla, yau ana karatu.» Wata rana ya leƙa, ya tarar da yara zaune a ƙasa suna ƙirga karan hatsi, wasu suna zane da alli, wasu suna ban ruwa a garka. Sai ya ɓata rai, ya ce: «Wannan mushe wasa kawai yake sa yara.»

Ni ina ganin uban nan ya juya abin. Sau da yawa wancan amo mai daɗin ji shi ne ɓata lokaci. Wannan da ya kira wasa kuwa shi ne karatun. Ku tsaya in gaya muku dalili.

Baki ya iya, ido bai iya ba

Mu da muka zauna ajin yaƙi da jahilci mun san wannan abu a jikinmu. Ran farko malami ya rubuta baƙi a babban allo, muka faɗa tare, murya ɗaya. Kowa ya zaci ya iya. Ran da aka miƙa maka alli aka ce «taso ka rubuta», ran nan ka gane inda ka tsaya. Hannu ya yi rawa, baƙin ya ɓace maka. Ba ka iya ba sai da ka rubuta shi da hannunka sau da yawa, ka yi kuskure, aka gyara maka.

To, yaro ma haka ne. Cikin taron murya, yaro yana iya ɓoyewa shekara guda. Yana motsa baki, yana bin na kusa da shi. Mushe bai sani ba, uwaye ba su sani ba, shi kansa yaron bai san bai iya ba.

Wannan ba zato ba ne. Akwai wani awo da ake kira PASEC, da ake yi wa ƴan lakwal a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A 2014 an auna yaran aji na ƙarshe na firamare a Nijar. Cikin yara 10, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matakin da ake so a karatu. A 2019 an sake awo, aka samu wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma da sauran tafiya. Ku duba fa: shekara 6 yaro yana tashi da sassafe, an rasa hannunsa a gona, an saya masa kaye da bik, ya fito bai iya karanta wasiƙa ba. Wannan hasara ce ta gida, hasara ce ta gari.

Abin da ake yi aji aji

Lakwal ta firamare tana da aji 6: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Kowane aji da aikinsa. Bari mu shiga mu gani.

A CI da CP, yaro yana koyon riƙon alli, da jan layi, da gane baƙaƙe, da ƙidaya. Nan ne mushe ko madam ke cewa kowane yaro ya zo da tsinken kara ko marfin kwalba. Ana ɗaure kara goma goma. Ƙulli 3 da kara 2, shi ne 32. A ce ya ɗebe 7. Yaro ya duba, kara 2 gare shi a sake, ba su isa ba. Sai ya kwance ƙulli ɗaya, ya samu 12, ya ɗebe 7, saura 5. Ƙulli 2 da kara 5, ke nan 25. Yaron da ya kwance ƙullin nan da hannunsa ya gane abin da ake nufi da «aro» cikin lissafi. Wanda ya hardace da baki kawai, in aka canza masa lamba ya rikice.

Akwai kuma aikin ƙaramin allo, wanda yara ke kira arduwaz. Mushe ya yi tambaya. Kowa ya yi shiru ya yi tunani. Ya buga tebur, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Da kallo ɗaya mushe ya ga wanda ya samu da wanda ya faɗi, ko yara 70 ne. Babu wurin ɓuya. Wannan ƙaramin allo ya fi kaya masu tsada da yawa amfani.

A CE1 da CE2, yaro ya shiga kaye sosai. Ana yin dikte, wato mushe ya faɗi, yara su rubuta. Ana karatu ɗaya ɗaya. Nan ya kamata a tsaya a tambayi yaro: «Abin da ka karanta, mi yake nufi?» Akwai yaran da ke karanta shafi guda na Faransanci babu tuntuɓe, amma ba su san ko maganar akuya ake yi ko ta jirgi ba. Aikin da ke maganin wannan shi ne a sa yaro ya ba da labarin da bakinsa, ko ya zana shi, ko yara biyu su kwaikwayi mutanen cikin labarin. Daga waje kamar wasa. Daga ciki awon fahimta ne.

A CM1 da CM2, lissafi ya kai ga awon fili, da nauyi, da kuɗi. Nan garkar lakwal take da rana. Fegin salati mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2, mita murabba'i nawa ke nan? Yaro ya ɗauki igiya ya auna, ya ga 10 da idonsa. Buhun hatsi na kilo 100, in tiya ɗaya ta kai kilo 2 da rabi, tiya nawa ke ciki? Tiya 40. Ga kuma kuɗi. A kasuwa muna cewa dala 20, a kaye ana rubuta 100 F. Yaron da aka nuna masa cewa dala ɗaya faran 5 ce, ya riƙe hanyar da ke tsakanin kasuwa da lakwal. Gobe ba mai cutar uwarsa wajen canji.

Har waƙa da guje-guje da sharar aji suna da nasu aiki. Waƙa tana saka kalmomi a kunne. Wasan motsa jiki yana koya wa yaro bin doka da jiran layi. Yaron da aka ba riƙon tulun ruwan aji yana koyon amana.

Harshen da yaro ke ji

Abu na biyu shi ne harshe. Yaro ɗan shekara 7 ya zo da Hausa cike da bakinsa. Ya san tatsuniya, ya san kacici-kacici, ya san sunan kowane icce a dajin garinsu. Ran da ya shiga aji, sai a yi kamar bai san komi ba. Manyanmu da suka yi lakwal sun ba mu labarin «sambol», abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu. Abin da sambol ya koya wa yara da yawa shi ne rufe baki. Yaron da ya rufe baki kuwa ba ya tambaya, wanda ba ya tambaya ba ya ganewa.

An daɗe da sanin wannan a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci. A Maris 2025 kuma, babbar takardar da aka kafa don tafiyar da ƙasa ta sa Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Wasu uwaye suna tsoro. Suna cewa: «Hausa ai a gida ya iya ta, mun kai shi ne ya koyi Faransanci.» Maganarsu tana da tushe, don takardun aiki da jarrabawa da yawa suna bukatar Faransanci. Amma ku tuna da kanku. Da wane harshe kuka gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti? Da Hausa. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya iya haɗa «b» da «a» a harshensa, in ya zo ga wani harshe kalmomi kawai zai nema. Saboda haka mushen da ya tsaya ya bayyana wa yara darasi da harshen da suke ji, bai ɓata musu lokaci ba.

Maganar masu cewa ba ya yiwuwa

Wani zai ce: «Kai, kana magana kamar ba ka san lakwal ɗinmu ba. Aji na zana, yara sun yi yawa, littafi ɗaya yara da dama, mushe ɗaya yana riƙe da aji biyu.» Gaskiya ne, ban musanta ba. Wannan nauyi ne na gwamnati, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta faɗa har a gina aji a kawo littattafai. Amma duba kayan da na lissafa: kara, marfin kwalba, igiya, ƙaramin allo, alli, ƙasa mai laushi da za a yi rubutu da yatsa. Wanne ne sai an jira mota daga Yamai? Inda yara suka yi yawa ma, nan ne aka fi bukatar a raba su ƙungiya ƙungiya, wanda ya gane ya taimaki wanda bai gane ba. Mai koya wa wani yana ƙara kafa nasa sani.

Wani kuma zai ce: «Mu da bulala aka koya mana komi.» To, bulala tana sa yaro ya yi shiru, tana sa ya hardace don tsoro. Amma koyo sai da kuskure. Yaron da ya san in ya ɗaga allonsa da amsa mara kyau za a doke shi, zai kwafi ta maƙwabcinsa. Daga nan mushe ya rasa hanyar sanin wanda ke bukatar taimako. Ladabi dole ne, amma ladabi dabam, tsoro dabam.

Namu aiki a gida

Yanzu ga abin da ya rage gare mu, mu da Allah ya ba sanin baƙi da girma.

Na farko, mu canza tambaya. Kada mu tsaya ga «Ka je lakwal?» Mu ce: «Mi ka yi yau? Nuna mini.» Ya kawo kaye, mu duba kwanan wata, mu duba ko mushe ya gyara da jan bik. Ko ba ka jin Faransanci, lamba ɗaya ce a kowane harshe. Kana iya duba lissafi. Kana iya cewa ya karanta layi biyu ya gaya maka ma'anarsu da Hausa.

Na biyu, mu ba shi kayan aiki. Ƙaramin allo da alli ba su kai kuɗin goro da shayi na mako ba. In madam ta ce a kawo kara, a taya yaro yankewa, kada a yi masa dariya.

Na uku, mu bar yaro ya je kullum. Ayyukan aji kamar jeren tubali ne, na yau a kan na jiya yake zama. Ana karatu kwana 5 a mako. In kowace ranar kasuwa ka tsare ɗiyarka don talla, ka cire mata kwana ɗaya cikin 5. A shekara 6, ka cinye mata fiye da shekara guda cur. Haka wanda ba ya sakin ɗansa sai an gama girbi da ɗaurin dami, alhali tun Oktoba aka koma. Yaro ya zo ya tarar an wuce baƙaƙen farko, ya yi ta bin baya har ya gaji ya bari.

Na huɗu, mu shiga lakwal da ƙafarmu. Akwai ƙungiyar uwayen yara, akwai ta uwaye mata, akwai kwamitin kula da lakwal. Ba don tara kuɗi da gyaran zana kawai aka kafa su ba. Mu nemi izinin darekta, mu zauna bayan aji rabin awa. Mu ƙirga yara nawa suka riƙe alli, nawa suka yi magana su kaɗai, mata nawa aka kira gaban allo. Gani ya kori ji. In mun ga aiki mai kyau, mu gode wa mushe a gaban jama'a. In mun ga gyara, mu faɗa masa cikin mutunci, mu da shi.

Kuma muna da abin bayarwa. Manomi ya san iri da lokacin shuka. Maƙeri ya san ƙarfe da wuta. Tsohuwa ta san tatsuniya da tarihin gari. In mushe ya gayyace mu aji, kada mu ce mu ba mu yi lakwal ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu mun koyi karatu da furfura, mun san wuyarsa. Yau da dare, bayan tuwo, ka kira yaronka kusa da fitila. Ka ɗauko naka kaye, shi ma ya ɗauko nasa. Ka ce ya nuna maka abin da ya yi yau, kai ma ka nuna masa naka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane aiki ne ya fi taimaka maka ka gane karatu a ajinmu?
2. Yaushe rabonka da duba kayen ɗanka ko ɗiyarka?
3. Mi mutanen garinku za su iya kai wa lakwal wanda ba kuɗi ba?