Sunan Magani Haƙƙin Majinyaci Ne

Daga cikin al'adun da suka yi kaka-gida a garuruwanmu, har ido ya saba da su ya daina ganin aibinsu, akwai wadda ta cancanci a tsaya a yi mata duban tsanaki, ita ce sayar da magani ba tare da sunansa ba. Mutum ya kwana da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, gari na wayewa sai ya nufi kemis na bakin layi ya ce a haɗa masa. Mai shago ya ɓalle ƙwayoyi daga katinsu, ja da fara da rawaya, ya zuba a 'yar leda ya ƙulle, ya ce a sha safe da dare bayan an ci abinci. Galibi Allah kan kiyaye, a sha a warke. Amma akwai wanda bayan mako guda ko biyu zai ga ƙuraje sun feso masa, zazzaɓin da ya tafi ya komo, sa'an nan 'yan'uwa su taru suna yi masa bushara cewa maganin ne yake fito da cutar, ya daure ya ƙarasa, alhali kuwa jikin ne yake shelar cewa bai karɓi abin da aka ba shi ba.

Haƙiƙanin abin da ke faruwa shi ne, garkuwar da Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam domin yaƙar cuta takan yi kuskure a wurin wasu mutane, ta ɗauki maganin a matsayin abokin gaba, kamar dogarin da ya ga baƙon Sarki da dare ya zaci ɓarawo ne. Da yake ƙoda ce ke tace jini, kuma ta cikinta mafi yawan magunguna ke fita, sau da yawa a can ake gwabza faɗan: naman da ke tsakanin ƙananan bututun tace fitsari ya kumbura, bututun su gaza, dattin da ya kamata ya fita ya taru a jini. Tun shekarar 1898 wani likita a birnin Boston na Amurka, mai suna Councilman, ya siffanta irin wannan kumburi a ƙodar waɗanda cututtuka masu yaɗuwa suka kashe. Amma a zamaninmu, wajen kashi 70 cikin 100 na masu wannan lalura magani ne sababinta.

Magungunan kuwa ba wasu baƙi ba ne. Akwai dangin fenisilin, da Septrin, da sifirofuloksasin. Akwai masu kashe raɗaɗi irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda leburori da 'yan acaba da tsofaffi masu sanyin ƙashi suka mayar abin sha kullum. Akwai omefirazol na gyambon ciki, da alofurinol da ake bai wa masu kumburin gaɓɓai. Dukkansu magunguna ne masu amfani da suka ceci rayuka, kuma mafi yawan mutane suna shansu lafiya lau, don haka babu hujjar a ƙaurace musu. Rifamfisin na tarin fuka ya isa misali: jan fitsarin da yake sawa ba illa ba ne, launin maganin ne kawai, amma wanda ya yanke shansa da kansa, ya jima, sa'an nan ya koma masa ba da sanin likita ba, yana iya wayar gari da zazzaɓi da ciwon kwiɓi da ɗaukewar fitsari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓoyuwar al'amarin. Zazzaɓi da ƙuraje da wata alama da ake gani a gwajin jini ba su kan haɗu gaba ɗaya sai a kimanin mutum 1 cikin 10. Sauran sai dai kasala da tashin zuciya da rashin son abinci, wasu ma fitsarinsu ba ya raguwa, kuma mai shan maganin raɗaɗi ko na gyambon ciki yana iya yin watanni kafin ɓarnar ta bayyana. To, idan an kai irin wannan majinyaci asibiti ƙafafu a kumbure, gwaji ya nuna ƙoda ta raunana, tambayar farko da likita zai yi ita ce, me ya sha? Domin asalin maganin wannan lalura shi ne a gano ƙwayar da ta jawo ta a dakatar da ita, sa'an nan, in likita ya ga dacewa, ya ba da maganin da ke kwantar da garkuwar jiki tun kafin kumburin ya zama tabo, wanda in ya zauna ba ya komawa. Sai a amsa wa likitan da cewa wata 'yar ja ce da wata fara doguwa. Da wannan jawabi kwanaki ke wucewa, har a kai ga wankin ƙoda, wanda kowa ya san yadda yake cinye gona da gida.

Za a ce talaka ba shi da halin ganin likita a kan kowane zazzaɓi, kuma a ƙauyuka da yawa mai kemis shi ne kaɗai mafaka. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ban kira a rufe shagon kowa ba. Abin da nake nema bai fi ƙarfin alƙalami da guntun takarda ba: kada a raba ƙwaya da katinta, a rubuta sunan kowace, kuma a tambayi mai saye ko wani magani ya taɓa sa masa borin jini, ko kumburin leɓe, ko saɓewar fata. Wanda Septrin ya taɓa yi wa haka bai kamata a miƙa masa Fansidar ba, domin dangi ɗaya ne, kuma karo na biyu yakan fi na farko sauri da tsanani. Fuƙaha'unmu sun daɗe da yin bahasi a kan lamunin wanda ya yi wa mutane magani ba da ilmi ba, har suka ɗora masa nauyin abin da ya ɓata. Ina ganin wanda ya ɓoye wa majinyaci sunan abin da ya haɗiya bai yi nisa da wannan hukunci ba, ko da kuwa niyyarsa kyakkyawa ce.

Asibitoci ma suna da nasu kason na amanar. Tun shekarar 2004 Nijeriya ta shiga tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illar magunguna, kuma hukumar NAFDAC tana da takarda mai launin rawaya da aka tanada domin ma'aikatan lafiya su kai rahoton irin wannan. Wajibi ne a riƙa cika ta, kuma kada a sallami wanda magani ya taɓa wa ƙoda sai an ba shi kati mai ɗauke da sunan maganin da na danginsa, an karanta masa da Hausa a gaban matarsa ko babban ɗansa, domin ranar da za a sake kawo shi asibiti mai yiwuwa ne ba shi zai yi bayani da bakinsa ba.